Ƙarfe Biyu da Minti Goma a Gindin Kwano

Zuwa ga ɗan'uwa Mai Tsani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na can inda kuke gina madatsar ruwa. Na san za ka juya takardar nan kana neman mai ita. To Auta ce, autar Kawunka mai ɗaura kwanon talabijin, wadda kake ce wa Bakin Rediyo. Shekara tara rabonka da gidanmu, ko kunya ba ka ji. Kakarka da kakata uwarsu ɗaya, in ka manta na tuna maka. An ce wurin naku babu sabis ko na rantsuwa, sai direban da ke kai muku kaya duk bayan kwana goma, shi ya sa na koma biro da takarda.

Mu dai lafiya lau, sai Baba. Mako huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An sallamo shi daga asibiti, yana ci yana sha, amma magana ta ɗauke ɗungurungum. Hannun rubutun ma ya tafi. Sai ido, sai hannun hagu.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ka tuna babban kwanon nan fari na tsakar gida, wanda ya fi ƙofar ɗaki faɗi? Baba yana asibiti aka yi wata iska da ta juya shi. Tashoshi ɗari da wani abu duk suka ɓace, saura biyu: ɗaya ana tallan tukwane daga safe har yamma, ɗaya wasu mutane suna muhawara da harshen da ko gaisuwarsa ba mu sani ba. Ka san Baba yana da zane-zane a jikin turken kwanon, kowane tauraron ɗan'adam da layinsa da ya karta da ƙusa. To Yaya Babba, don ya faranta masa kafin a sallamo shi, ya kawo masu fenti. Suka bi turken da takardar yashi suka goge shi tas, suka shafe shi da shuɗi har sau uku. Wallahi ranar da aka shigo da Baba ya ga turken nan yana ƙyalli, sai da ya rufe ido.

Littafin da yake rubuta bayanan aikinsa yana hannuna, amma ni ban gane komai ba. Bai rubuta sunan tauraro ko ɗaya na gaskiya ba, sai sunayen da ya raɗa musu: Uwar Tashoshi, Mai Gardama, Gurgu, Baƙon Damina. Wanda muke kallo a gida shi ne Uwar Tashoshi. Na kira wani mai gyara, ya kalli kwanon ya ce wannan tsohon yayi ne, shi ƙanana ya iya.

Akwai kuma wani abu da ya hana ni sukuni. Kullum ƙarfe biyu na rana Baba sai ya yi ta dukan hannun kujerarsa mai taya har sai an tura shi tsakar gida, cikin tsakiyar zafi. Ya nuna rana, ya nuna kwano, ya nuna rana, ya nuna kwano. In na ja shi inuwa ya riƙe taya. Yaya ya ce ciwon ya taɓa masa hankali, gara a mai da shi gidan shi Yayan da ke hawa na huɗu kusa da asibiti, a rufe nan, a kira 'yan gwangwan su kwance kwanon. Ni ban yarda ba. Na ce kewar tashoshinsa ce kawai, in hoto ya dawo zai zauna ɗaki lafiya. Yaya ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa.

Kai ka yi shekara shida kana aiki tare da shi. Faɗa mini yadda zan nemo Uwar Tashoshi. Kada ka ce mini mace ba ta riƙe sifana, zan zo har can in nuna maka.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Bakin Rediyo,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina kan rufin ɗakin cin abincin ma'aikata, sai da na sauko na zauna a kan bokiti kafin na iya ƙarasa ta. Innalillahi. Kawu, mutumin da yake hawa tsani da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofin shayi! Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki riƙe hannunsa ki ce Mai Tsani yana gaishe shi. Ni ma ƙalau nake, in ban da sauro da suka mai da ni gonarsu.

Masu fentin nan kuwa sun yi ɓarna, aikin shekara talatin suka goge. Amma kwantar da hankalinki, yanzu ba zamanin ƙusa ba ne. Uwar Tashoshi na san ta kamar tafin hannuna, makon jiya ma na ɗaura wa manajanmu ita. Ga lambobin daga cikin mitata ta neman sigina. Ki samo kamfas, da ma'aunin kusurwar nan na 'yan makaranta, ke malama ce ba za ki rasa ba. Sassauta notoci huɗun da ke wuyan turke. Juya kwanon har ya fuskanci digiri ɗari biyu da hamsin da takwas. Ɗaga fuskarsa zuwa digiri arba'in da ɗaya. Idon kwano, wato ƙarfen nan da ke tsaye a gabansa kan ƙafafu uku, kada ki taɓa shi. Ki sa wani ya tsaya gaban talabijin ya buɗe inda risiba ke nuna ƙarfin sigina, yana yi miki ihu ta taga. A hankali ake yi, kaurin yatsa ɗaya ya isa ya ɓatar da tauraro.

Batun zaman rana kuwa, gaskiya ni ma bai yi mini daɗi ba. Duk shekarun da na yi da Kawu, shi ne mai korar mu inuwa in rana ta take. Irin wannan ciwon wani lokaci yana taɓa tunani, mun ga haka ga wani direban babbar mota a nan. Wataƙila Yaya Babba yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ki dai lallaɓa shi.

Ki gaida kowa. In hoto ya dawo ki rubuto ki yi mini kirari.

Ɗan'uwanki,
Mai Tsani

*

Mai Tsani,

Gaisuwa dai ta wajibi, na gaishe ka. Baba jiki da sauƙi, ya fara riƙe cokali da hagu. Kirari kuwa ka jira shi.

Kwana uku na yi ina bin lambobinka. Na aro kamfas, na ɗaure ma'auni da zare da ɗan dutse. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta bar kekenta ta tsaya gaban talabijin tana ta ihun "babu, babu" har muryarta ta dishe. Tafin hannuna duk ya yi kanta. Uwar Tashoshi ko ƙyallinta ban gani ba. Mai tallan tukwanen ma da muke zagi ya tafi, masu muhawara sun bi shi. Yanzu allo shuɗi ne fes, ya yi anko da turke.

Duk wannan da sauƙi. Na bar takardarka a kan firij, Yaya ya zo ya ɗauka ya karanta. Ka san layin da ya tsaya a kai. A gaban Baba ya ɗaga ta yana cewa, "To kin ji, har wanda ya fi kowa sanin aikinsa ya ce tsohon nan ya ruɗe." Na ce ba haka ka rubuta ba, wataƙila ka ce. Ya ce wataƙilar mai kunya ce. Haba Mai Tsani! Taimako na nema, sai ka miƙa wa Yaya sanda? Na ji haushinka ƙwarai, kuma har yanzu ina ji.

Ba wai Yaya mugu ba ne. Shekaranjiya ya tarar da Baba a rana gumi ya jiƙa masa riga, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ba zai zuba ido rana ta ƙarasa masa uba ba. Ya riga ya sa an gyara ɗaki a can. Ɗakin taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon wani bene. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon sama! Ranar Asabar ta ƙarshen wata mota za ta zo, 'yan gwangwan ma ranar.

Ni dai na zauna kusa da Baba cikin zafin ranar nan na lura. Mahaukaci ba ya duba agogo. Baba sai an ɗaura masa agogonsa a hannun hagu, kuma ba ya fara nuna-nunen sai biyu ta wuce da minti goma daidai. Da kwata ta gota, shi da kansa yake nuna a mai da shi ɗaki. Jiya ya kamo tafin hannuna ya zana da'ira da yatsa, ya danna tsakiyarta har sai da na ji zafi. Ya yi haka sau uku yana kallon idona. Da na ce ban gane ba, sai ya juya fuska bango. Na shiga kicin na yi kuka na gode Allah.

Na sake bin littafin shafi-shafi. A can ƙarshe akwai wasu 'yan zanen rana, irin na yara, kowanne da kwanan wata da lokaci a gefensa. Na ɗauka lissafin ɗauke wuta ne. In ka san wani abu ka faɗa, in ba ka sani ba don Allah kada ka sake rubuto abin da za a karanta a kansa.

Auta

*

Mai Tsani,

Kwana goma sha shida shiru. Na je tashar mota sau uku, sun ce direbanku bai zo ba. Ko fushi ka yi don na faɗa maka gaskiya? In fushi ne ka ajiye shi gefe, daga baya ma yi. Saura kwana tara. Yaya ya fara kwashe kayan Baba a kwali, har akwatin sifanunsa ya ɗaure da igiya. Baba ya ƙi cin abincin rana jiya da yau. Ni kuma na kasa zama wuri ɗaya, ko a aji sai in tsinci kaina ina leƙen taga ina duba inda rana take, ban ma san me nake nema ba.

Ka amsa ko da layi biyu ne.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum, ina fatan Kawu ya ci abinci. Ba fushi ba ne, ruwa ne ya cinye hanya, takardunki biyu yau suka iso tare. Direba yana sauke kaya, da ya gama zai juya, don haka a tsaye nake rubutu a kan bonet.

Ki yafe mini sau biyu. Na farko, lambobin da na ba ki na nan wurin ne. Tsakaninmu tafiyar kwana biyu ce a mota, kuma tauraro ɗaya ba ya tsayawa a kusurwa ɗaya ga garuruwa biyu masu nisa haka. Wannan shi ne darasin ranar farko a aikinmu. Mita ta lalata ni, shekara da shekaru ita ke yi mini tunani, na kwafe abin da ta nuna na aiko miki kamar wanda bai taɓa ganin kwano ba.

Na biyu ya fi muni. Kawu lafiyar hankalinsa ƙalau, ni ne dai jakin. Da na karanta da'ira da ɗigo a tsakiya, wallahi nan take na gane. Saurara da kyau. Sau biyu a shekara, na 'yan kwanaki kaɗan, rana tana bi ta bayan kowane tauraro daidai, na 'yan mintoci. Kawu ba shi da mita a zamaninsa. Abin da yake yi shi ne ya rubuta rana da lokacin da hakan ke faruwa ga kowanne. Su ne zanen ranar da kika gani. In lokacin ya yi, duk inda rana take, nan tauraron yake. Sai a juya kwano ya fuskanci rana, har inuwar idon kwano ta faɗa tsakiyar kwanon cif. Da'ira da ɗigo ke nan. Ya nuna mini sau ɗaya tak, na yi masa dariya na ce wannan aikin masu duba ne.

Tun ranar farko yake faɗa muku yadda za a gyara abin, da iyakar abin da ya rage masa. Ya san lokacin yana matsowa, yana so ku koya kafin ya wuce.

Buɗe ƙarshen littafin, nemi zanen da aka rubuta biyu da minti goma a gefensa. Na tabbata na Uwar Tashoshi ne, kuma in lissafina daidai ne kwanakin a makon nan suke, huɗu ko biyar kacal. In suka wuce sai bayan wata shida. Sassauta notocin tun da wuri. Kada ki kalli rana, inuwar za ki kalla. Kada ki sa fuska ko hannu kusa da idon, wurin yana zafi sosai a lokacin. Ki sa Kawu inda zai ga cikin kwanon, ki bi hannunsa, kada ki bi kowa.

Direba yana ta hon. Ki nuna wa Yaya Babba wannan takardar, ki ce ni na ce ya karanta ta da ƙarfi a gaban Kawu kamar yadda ya karanta waccan.

Mai Tsani

*

Zuwa ga ɗan'uwa Mai Tsani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan hanyarku ta gyaru. Zauna tukuna kafin ka karanta, ko a kan bokitin ne.

Takardarka ranar Asabar ɗin ta zo, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, motar Yaya tana ƙofar gida, 'yan gwangwan su biyu suna zagaya kwano suna ƙwanƙwasa shi. Na buɗe littafin. Zanen biyu da minti goma yana nan, kwana biyar a jere, kuma Asabar ɗin ce ta ƙarshe.

Na miƙa wa Yaya takardar na isar da saƙonka. Ya karanta a zuci, ya ninke, ya ce, "Wannan da ya aiko da lambobin banza, shi za mu sake bi?" Na ce ba kai za mu bi ba, Baba za mu bi. Na ce ya ba ni awa uku, in abin bai yi ba ni da kaina zan tura kujerar har mota. Ya duba agogo ya yi tsaki, ya ce wa 'yan gwangwan su je su ci abinci su dawo.

Ƙarfe biyu saura kaɗan na kwance igiyar akwatin sifanu. Da Baba ya ji ƙarar ƙarafan nan, kansa ya ɗago. Na durƙusa na kamo tafin hannunsa, na zana da'ira na danna tsakiya. Mai Tsani, ban taɓa ganin kallo irin wanda ya yi mini ba. Ya damƙe yatsana ya ƙi saki.

Kwanon ya fi ƙarfina ni kaɗai, dole Yaya ya tuɓe rigarsa ta ofis ya kama gefe ɗaya. Mai ɗinki tana taga. Baba yana gaba, na riƙa masa lema ya ture ta don tana tare masa gani. Biyu da minti takwas ya fara: yatsa hagu, muka juya, yatsa sama, muka ɗaga. Inuwar idon tana rarrafe a cikin farin kwano, baƙa, kamar faranti. Ta wuce tsakiya, Baba ya daki hannun kujera, muka dawo da ita kaɗan. Yaya yana haki yana cewa, "Haka, Baba? Ko a ƙara?" Bai ma san ya fara tambayarsa ba. Biyu da minti goma Baba ya dunƙule hannu. Muka tsaya cak, Yaya ya ɗaure notoci.

Na ƙwala wa mai ɗinki kira. Ta ce, "Babu!" Na ce ta duba da kyau. Ta ce ko ɗigo babu.

Ga abin da ka manta ka rubuta, kai da direbanka mai hon. Ba ka ce mini a daidai lokacin rana tana danne siginar ba! Yaya ya ajiye sifana a hankali, bai ce na faɗa miki ba, da ma ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya je ya kama bayan kujerar zai juya ta. Baba ya riƙe taya. Ya ɗaga agogonsa saitin fuskar Yaya, sannan ya buɗe yatsunsa biyar.

Yaya ya kalle ni, na kalle shi. Muka tsaya cikin zafin ranar nan, 'yan gwangwan sun dawo suna leƙe ta ƙofa. Minti biyar ɗin nan sun fi mini wata biyun tsawo. Inuwar ta fara zamewa daga tsakiya. Sai muka ji wata murya daga falo tana karanta labaran duniya, da ihun mai ɗinki a kanta, "Ya kawo! Wallahi ya kawo! Duk sun dawo!"

Ka san me Baba ya yi? Ko waiwayar taga bai yi ba. Ya miƙa hannu a ba shi sifana, ya sa na tura shi gindin turke, ya ƙwanƙwasa notoci ɗaya bayan ɗaya. Na uku ya yi wata ƙara daban. Ya miƙa wa Yaya sifanar yana hararar sa. Yaya, babban mutum mai furfura a gemu, ya karɓa da hannu biyu ya ƙara ɗaure shi. Sannan Baba ya nuna akwati, na ɗauko ƙusa, ya nuna inda za a karta a jikin shuɗin fentin. Yaya ne ya karta.

Da ya gama bai miƙe ba. Ya zauna a ƙasa gefen taya, ya ciro takardarka daga aljihu ya karanta ta da ƙarfi tun daga farko. Ya kai ƙarshe ya ce, "Baba, wata biyu ina magana a kanka a gabanka kamar ba ka nan. Duk kana ji?" Baba ya gyaɗa kai. Yaya ya kifa fuska a gwiwarsa. Ni na shige ciki, don ba zan iya kallo ba.

Motar ta koma babu kowa. Za a ɗauko mai jinya ta riƙa zuwa nan, an fara kwance kwalaye. Baba ya daina fita rana, ya cinye abincinsa tas, yana ta faɗa da rimot da hannun hagu.

Jiya na ce masa zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Ya nuna biro. Ya fi minti ashirin yana fama, ya yaga takarda biyu. Ta ukun ce na sa maka a ambulan ɗin nan. Layi biyu ne a tsaye, a karkace, da ƙananan layuka a tsakaninsu. Mai ɗinki ta ce layin dogo ne. Ni ban yi mata gardama ba, amma da ya gama sai ya nuna turke, inda layi ɗaya ne tak a jiki, ya nuna littafin, ya nuna ƙofar gida. Saura Mai Gardama da Gurgu da Baƙon Damina, kuma ranarsu sai nan da wata shida.

Ka nemi hutu tun yanzu. Tsaninka yana nan bayan kicin inda ka bar shi, Baba bai bari an ba kowa aro ba.

Taka,
Auta